Wai me za mu kira stereotype da Hausa?

Jama'a ku taimaka, ina rubutu kan masu sharhin ƙwallo sai na maƙale a kalmar stereotype. Na fara sa wariyar launin fata amma ba ta zauna ba, don shi wannan abin sau da yawa da rigar yabo yake zuwa. Baƙar fata ya ci ƙwallo a ce ai ƙarfi ne da gudu haka aka halicce shi, Bature ya ci irinta a ce kai yaron nan akwai ƙwaƙwalwa. Ku duba Yaya Toure, ɗan tsakiya ne fa amma ƙwallo 20 ya ci a Firimiya a kakar 2013/14 har da firikik, duk da haka da an tashi yabonsa sai a koma kan ƙirar jikinsa.

Kuma ba ni na ƙirƙira ba, a 2020 kamfanin RunRepeat da ƙungiyar 'yan ƙwallon Ingila PFA sun bi sharhin wasa 80 a Ingila da Sifaniya da Italiya da Faransa, suka ga sama da kashi 62 cikin 100 na yabon basira masu hasken fata ne suka kwashe, maganar ƙarfi kuwa ta fi faɗawa kan masu duhun fata ninki shida da ɗoriya.

To wani ya ce min shaci-faɗi. A'a, shaci-faɗi mutum ɗaya ne yake yi yau gobe ya manta, wannan kuwa gadonsa ake yi. Camfi ma bai yi ba.

Kuɗin goro ya fi kusa gaskiya, an yi wa 'yan tseren Kenya kuɗin goro an ce a jininsu yake, an manta da atisayen da suke sha da asuba a tsaunukan Iten. Sai dai kuɗin goro aikin kawai ya faɗa, bai faɗi abin da aka liƙa wa mutum ba.

Shi ya sa na karkata ga tambari. Ita kalmar stereotype ɗin ma asalinta daga maɗaba'a ta fito, farantin ƙarfe ne da ake buga shafi ɗaya da shi sau dubu ba ya canzawa. Don haka ni dai na tsaya a tambarin launin fata, in aiki ne kuma in ce an yi musu kuɗin goro. Mai wadda ta fi wannan ya kawo kafin in tura rubutun.