Zauren teyatur a jami'a, a wannan marra ya dace kuwa?

Dan_Birni:
Salamu alaikum jama'a. Jiya a fada muka yi ta musu har shayi na uku ya huce ba mu gama ba. Ni ina cikin wata 'yar trup ta wasan kwaikwayo ta 'yan jami'ar Damagaram, repetisiyo ɗinmu a gindin bedi muke yi, ranar wasa kuma sai mun yi karo-karo mun kama sal a gari. Na ƙarshen nan jikka 40 muka biya, ana tsakiyar wasa kuran ya ɗauke, mai wurin yace grup ɗinshi, injin bada wuta, ba mai, da fitilar waya muka ƙarasa wallahi, mai fitowa a sarki rawaninshi har ya warware cikin duhu. Shi ne nace da ma jami'a ta samu zauren wasa nata na kanta, sai abokai suka taso min wai ban san halin da ƙasa ke ciki ba. To ku mi kuka gani?

Maman_Nafissa:
Ƙanena abokanka suna da gaskiya fa. Ka manta 2023? Bayan takunkumin CEDEAO sai da aka zabtare bujen ƙasa da kashi 40 cikin ɗari, daga biliyan dubu 3 da wani abu ya dawo ƙasa da biliyan dubu 2 na sefa. In kuɗi ya ragu haka abinda ake fara dubawa bursi ne da resto da wurin kwanan yara da albashin malamai. Kuma mu nan Damagaram da har yanzu in bazara ta yi ana bin 'yan garuwa da bido, ka je ka ce ma uwar ɗalibi za a gina gidan rawa ka ji amsar da za ta ba ka. Ga MJC, gidan matasa da al'adu, nan ai, ku lallaɓa da ita.

Mushe_Tsoho:
Hajiya kalmar gidan rawa ɗin nan ce ta tado ni. Jami'ar garin nan sunan wa take ɗauke da shi? André Salifou, ɗan Zinder, masanin tarihi, wanda ya shugabanci taron ƙasa na 1991, kuma marubucin teyatur ne, har wasa ya rubuta a kan Sarki Tanimun. Mu da muka tashi zamanin samariya mun ga yadda unguwa da unguwa ke gasar wasa, in su Yazi Dogo suka fito a tele gidan da ke da akwatin cika yake har zaure, yara a kan katanga. Abinda ba a iya faɗa ma mai mulki ido da ido a wasa ake faɗa mishi, yana dariya yana ji. Wasan kara ma ai haka ne, yaro ya shirya kamar gwamna ko minista ya kwaikwayi tafiyarshi a gabanshi. To garin da ke da wannan gado ace ɗalibanshi ba su da inda za su koyi hasken fage da sauti, ni abin yana min ciwo. Amma fa ɗana ka ji wannan, duk waɗancan wasanni da nake faɗa maka ba a cikin klim aka yi su ba, fili ne da tabarmi da labule ɗaya.

Injiniya_Zango:
Ni matsalata ba ginin ba ce. Gini sau ɗaya ake biya, ana iya samun mai tallafi ma ya yi, a yanka ƙyalle a tafa. Abinda ke kashe irin wuraren nan shi ne bayan nan, faktir ɗin kuran duk wata, gardi, mai shara, teknisiyan na sono, ampul ɗin projekta guda ya mutu a rasa layin da za a cire kuɗinshi a buje, ga ƙurar hunturu da ke shiga ko'ina. Shekara 3 sai ka tarar an mayar da shi magaza an jibge karyayyun tebura. In za a yi, a yi amfi babba, wato zauren karatu, mai fage da ɗakin canza kaya a baya, da safe a yi kur a ciki, sutnans na masu kare kundin ƙarshen karatu da taruka, da dare wasa, a sa sola a rufi, ranar asabar a ba masu seminar haya kuɗin ya tafi gyara. Haka ko a gaban masu buje kana da bakin magana, dan ba za a ce na 'yan wasa ne su kaɗai ba.

Maman_Nafissa:
To in amfi ne yara za su zauna su yi karatu a ciki ban ƙi ba. Amma kuɗin hayar nan a san hannun wa zai shiga.

Dan_Birni:
Na gode Baba, na gode injiniya. Maganar amfi mai fage ta shige ni, zan kai ta réunion ɗin trup ranar laraba mu rubuta takarda. Kafin nan akwai mai grup ƙarami da zai ara muna ranar 14? Mai mu za mu zuba.