Za a iya kallon DStv kai tsaye a kwamfutar falo ba tare da dikoda ba?

Sani_Tudunwada:
Assalamu alaikum. Ina da wata tsohuwar Dell OptiPlex ta gwanjo, Core i5, na jona ta da talabijin ɗin falo ta wayar HDMI, na sa mata Kodi, manhajar kallon finafinai. Finafinai da karatuttukan da na tara duk a cikinta muke kallo, lafiya lau. Damuwata rimot uku ne a gidan: na talabijin, na dikodar DStv, da na risiba Strong da Hajiyarmu ke kallon tashar Makka da ita. Da yara sun taɓa, sai an kira ni a waya ina shago. So nake in cire akwatunan nan, wayar dish ta shiga kwamfuta kawai, in riƙa naɗar ƙwallo idan ba na gida. Na ga ana sayar da wata na'urar USB ta kama tashoshin dish mai suna DVB-S2. In na saya, za ta buɗe SuperSport tunda ina biyan kuɗin wata?

Injiniya_Bala:
Wa alaikumus salam Malam Sani. Ba za ta buɗe ba, kada ka ɓata kuɗinka da wannan niyyar. Tashoshin DStv a kulle suke, kuma katin an ɗaure shi da dikodar da aka sayar maka. Na'urar za ta kama siginar tauraron ɗan'adam na Eutelsat da ke digiri 36 gabas, har sunayen tashoshi za ka gani a jere, amma da ka danna sai baƙin allo. Haka GOtv da StarTimes na eriya, su DVB-T2 suke amfani da shi, su ma a kulle.

Inda za ta yi maka rana shi ne ɓangaren Hajiya. Duk abin da Strong ɗin nan ke kamawa kyauta, na'urar za ta kama. Ka cire wayar daga bayan risiba ka ɗaura mata, ba sai an taɓa dish ba. Tashar Makka da ta Madina a buɗe suke a Arabsat, digiri 26 gabas, da Nilesat, digiri 7 yamma. Kodi ita kaɗai ba ta magana da na'urar, sai ka sa manhajar da za ta haɗa su, NextPVR in Windows gare ka, ko Tvheadend in Linux ce. Ka nemi wadda ta zo da cajarta daban, domin ita ce za ta ba LNB (na'urar da ke gaban dish mai karɓar sigina) wuta, bolt 13 ko 18. In LNB biyu ne a kan dish ɗin, ka duba saitin DiSEqC (mai zaɓa tsakanin LNB ɗin) na cikin risiba ka kwafe shi a takarda kafin ka cire komai.

Ummu_Khalifa:
Ƙwallon fa, ga hanya mai sauƙi: buɗe DStv Stream a burauzar kwamfutar da asusunka, kuɗin watan da kake biya ya haɗa da shi. Haka maigidana yake yi. Sai dai yana shan data, ba ya naɗa, kuma hoton na zuwa a makare. Maƙwabta sun gama ihun an ci, mu a lokacin ake shirin buga kwana.

Sani_Tudunwada:
Na gode ƙwarai. Hajiya Ummu, sabis ɗin unguwarmu da an yi magariba sai addu'a. Injiniya, to in na bar dikodar a ɓoye bayan kabad, na shigar da hotonta cikin kwamfuta fa?

Injiniya_Bala:
Ana yi, da ƙaramar na'urar ɗaukar hoto mai HDMI a gefe ɗaya, USB a ɗayan. Amma yawancin dikodojin kuɗi suna da kariyar HDCP a kan HDMI, wadda aka yi don hana irin wannan naɗin, sai ka ga hoto ya ƙi fitowa. Jan waya da fara da rawaya ba su da kariyar, amma hoton dishi-dishi ne, ba za ka so shi a babban talabijin ba. Kuma canza tasha dai sai da rimot ɗin dikoda, ka ga ba ka rage komai ba. In naɗar ƙwallo ce ta dame ka, Explora, dikodar DStv mai naɗi, aikinta ke nan.

Sai ka duba wane zubi ne i5 ɗin naka. Tashoshi da dama sun koma HEVC, wani tsarin matse bidiyo, kuma Intel sai daga zubi na 6 yake sarrafa shi sosai da kansa. Na 3 ko na 4 zai yi ta nishi, fanka na ihu. Naɗin HD na awa ɗaya yakan ci wajen giga 3 zuwa 4.

Dan_Maradi:
Ni tambaya ɗaya gare ni, wutarku ya take? Risiba ba ta cin komai, ƙaramin batirin sola ya riƙe ta har asuba. Kwamfutar tebur kuwa in aka ɗauke wuta tana tsakiyar naɗi, fayil ɗin na iya lalacewa, in an dawo kuma sai ka jira ta tashi. Tsohuwa da ta saba danna maɓalli ɗaya ta ga Ka'aba ba za ta zauna jiran Windows ba. Mayar mata da Strong ɗinta ɗakinta, a sa LNB mai baki biyu a ja mata waya, kai ka yi gwaje-gwajenka a falo.

Sani_Tudunwada:
Wallahi ka san halinta kamar a gidan kake. Na duba, i5-4570 ce, ke nan zubi na 4. Injiniya, ƙaramin katin hoto mai HEVC zai shiga irin wannan siririn akwatin, ko sai na canza shi gaba ɗaya?