Fili mai ma'adinai, jirgin ƙasa da tashar ruwa: don Allah a ba ni shawara kafin Baffa ya sayar da gida

Ɗan_Sabongari:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema wurin waɗanda suka san harkar. Wani mutum ne ya kawo wa Baffana tallan fili can wajen Kafanchan, wai akwai kuza a ciki da kuma dutsen litiyam ɗin nan da 'yan China ke rububi, har da samfur ya zo da shi a leda ya zazzage mana kan benci a ƙofar shago, duwatsu ne farare wasu da ɗan ratsin shunayya suna walƙiya, sai wani baƙin yashi mai nauyin gaske a robar ruwa. Lissafin da ya yi wa Baffa shi ne da zarar an gama sabon layin dogon Kaduna zuwa Kano tunda ta Zariya zai ratsa, sai mu kama sito a nan Zariya mu riƙa tara kaya muna lodawa a tarago sai tashar jiragen ruwa ta Lekki, daga can kuma sai China. Maganar ta shigi Baffa sosai, har ya fara zancen sa gidansa na Tudun Wada a kasuwa. Ni masara da waken suya na sani, ban san dutse ba. Shin da gaske jirgin nan zai kai kaya har bakin teku? Kuma wace tasha ce ta fi wa mutumin Arewa, Lekki ko Apapa ko ta Fatakwal? Sannan in ka sayi fili, abin da ke ƙarƙashinsa naka ne? Allah ya saka da alheri.

Tsohon_Reluwe:
Wa alaikumus salam ɗana. A reluwe na yi ritaya, mahaifina ma a nan tashar Zariya ya ƙare aikinsa, to bari in ɗauki ɓangaren jirgi in bar wa yara masu boko sauran.

Layin dogo iri biyu muke da shi yanzu kuma ba sa shiga juna. Tsohon na Turawa tazarar ƙarafunansa milimita 1,067 ce, sabon kuma 1,435, taragon wannan ba ya hawa kan wancan. Sabon kuma guntu-guntu yake. Akwai Abuja zuwa Kaduna da aka buɗe 2016, akwai Legas zuwa Ibadan da aka buɗe 2021 har da reshe ya shiga cikin Apapa, sai Kaduna zuwa Kano da ake kan aikinsa. Tsakanin Ibadan da Abuja fa? Babu, ba a shimfiɗa ba. Na Warri zuwa Itakpe da aka buɗe 2020 shi ma a Itakpe ya tsaya bai iso Abuja ba. Ke nan ko gobe aka yanke kyalle a sabuwar tashar Zariya, taragon da ka loda a nan ƙarshensa Idu a Abuja, daga nan sai ka nemo tirela. Ita kuwa Lekki da ya ambata ko dogo ɗaya bai shiga cikinta ba tukuna.

Kuma wannan lissafin na tara ma'adinai a Zariya ai an taɓa yinsa, ba sabon abu ba ne. Jirgi ya isa Kano 1911, nan da nan Turawa suka ja wani ɗan siririn layi daga Zariya saboda kuzar Jos kawai, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya kai Bukuru a 1914. Faɗinsa ƙafa biyu da rabi ne, ya fi na babban layi ƙanƙanta, shi ya sa duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai lebura sun sauke shi da hannu sun mai da shi babban tarago. Mahaifina yakan ce buhun ɗan ƙarami ne a ido amma ƙato sai ya yi nishi kafin ya raba shi da ƙasa. To da layin Fatakwal ya haɗe da Jos ta Kafanchan a 1927, kuza ta samu hanya kai tsaye zuwa ruwa babu sauke-sauke, sai ta daina biyowa ta nan. Ƙaramin layin ya yi ta jan ƙafa har aka rufe shi 1957. Ita kanta Fatakwal ɗin ai kwal ɗin Inugu ne ya sa aka gina ta, an ga kwal a 1909, layin ya isa wurin 1916. Kaya ne ke kiran dogo da tasha ɗana, su Turawan sai da suka auna abin da ke ƙasa kafin su kashe ko sisi.

Sannan ka buɗe taswira ka gani da idonka. Kafanchan kudu take da mu, teku ma kudu. Wane dalili zai sa ka ɗauko dutse ka hauro da shi arewa zuwa Zariya sannan ka sake juyawa da shi kudu? Wannan kaɗai ya isa Alhaji Baffan naka ya dakata.

Bazazzage_01:
Baba Allah ya ƙara lafiya, amma ni ina ga kar a kashe wa mutane gwiwa gaba ɗaya. Layin nan in ya kammalu Zariya za ta amfana, ga na Kano zuwa Maraɗi kilomita 284 da aka aza harsashinsa 2021 zai bi ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya, masu hatsi da taki da siminti ai kakarsu ta yanke saƙa. Sito a kusa da tasha ba asara ba ne.

Tsohon_Reluwe:
Ban musa maka ba yaro, sito don masara daban. Shi dutse aka ce za a kai teku, a kansa nake magana.

Ɗalibin_Duwatsu:
Malam Ɗan Sabongari, ni ilimin duwatsu na karanta a Samaru kuma na ɗan zaga wuraren haƙa a Filato da Nasarawa. Tambayarka ta ƙarshe ita ce ta farko a wurina, kuma amsarta a'a. Sashe na 44(3) na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce duk ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, dokar ma'adinai ta 2007 ma ta maimaita haka. Ko da takardar mallaka ta gwamna a hannunka saman ƙasar kawai ka saya. Abin da ke ba ka damar haƙa lasisi ne daga ofishin Kadasta na ma'adinai da ke Abuja, kuma kala-kala ne, na bincike shekara 3 ake bayarwa ana sabuntawa, na ƙananan masu haƙa shekara 5 kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 3, babban kuma shekara 25. Abin da mutane ba sa ganewa shi ne mai yiwuwa filin da ake tallata muku tuni yana cikin lasisin wani kamfani da ko ƙauyen bai taɓa takawa ba, ku sayi fili ku kawo injin sai ga wani da takarda da jami'an tsaro. Lasisin ma ba a ajiye shi a akwati a manta, a Nuwamban 2023 minista Dele Alake ya soke guda 1,633 saboda rashin biyan kuɗin shekara. Amfanin mai fili dai shi ne ana neman amincewarsa a rubuce kuma ana biyansa diyya da haya, iyakarta ke nan.

Sai maganar samfur. Kai da kake sayen masara ai ba ka yarda da ta bakin buhu, sai ka soka ƙarfe ka ga ta tsakiya, to ledar nan bakin buhu ce, kuma ma ba ka da tabbacin daga wannan filin aka tsinto ta. Abin da ake so a sani shi ne kashi nawa cikin ɗari ne ma'adinin a cikin dutsen, jijiyar tana da kaurin mita nawa, ta nutsa zuwa ina, ƙasa nawa za a kwashe kafin a same ta, akwai ruwan wanki kusa, mota na shiga da damina. Wannan sai an haƙa ramukan gwaji an ɗebo daga wurare daban-daban. Kuma gwajin ba sai an je nesa ba, hukumar binciken ƙasa ta tarayya tana da ɗakin gwaji a Kaduna, nan ABU ma cibiyar binciken makamashi tana auna samfur, ga sashenmu na duwatsu za a samu wanda zai bi ku har wurin.

Kuma kar a haɗa kuza da litiyam a lissafi ɗaya. Kuza in an wanke ta da kyau takan kai wajen kashi 70 na ƙarfen, kaɗan ce mai tsada, mota ɗaya ma dukiya ce, ba ruwanta da jiran jirgi. Ɗanyen dutsen litiyam kuwa sau da yawa sinadarin da ke cikinsa kashi 1 zuwa 2 ne cikin ɗari, wanda masana'antun waje ke sa wa farashi shi ne wanda aka tace ya kai wajen kashi 6, ke nan in ka cika tirela da ɗanye yawancin kuɗin motar dutsen banza ka biya wa. Ga farashin ba ya zama wuri ɗaya, daga ƙarshen 2022 zuwa farkon 2024 ya faɗi da fiye da kashi 70 a kasuwar duniya, mutane da dama sun kwana a ciki. Yanzu kuma gwamnati na matsa wa a sarrafa a gida kafin a fitar, an buɗe masana'antar tacewa a jihar Nasarawa a 2024, wato mai sayen ma yana maƙwabtaka da Kafanchan ɗin, me za ka je yi Lekki.

Wani abu kuma don Allah, kar a kawo dutse cikin gida ko shago ana daka shi. Ku tuna abin da ya faru a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, gubar dalma daga dakan dutsen zinare ta kashe yara fiye da 400.

Hajiya_Mai_Riɗi:
Ƙanena sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka da ka tsaya tambaya. Ni riɗi da zoɓo nake fitarwa, ban taɓa dutse ba, amma tashar dai ɗaya ce. Gaskiya ba kai ke zaɓen tasha ba, mai sayen kayanka da kamfanin jirgin da zai ɗauka su ke zaɓa maka, inda jirginsu ke tsayawa nan za ka kai. Lekki an buɗe ta Janairun 2023, zurfinta mita 16.5, manyan jiragen da Apapa ba ta iya ɗauka suna shiga, wannan gaskiya ne, amma zurfin ruwa ribar mai jirgi ce, ni da ke da kwantena biyu abin da ya dame ni shi ne yaushe motata za ta shiga ƙofa. Apapa da Tin Can an samu sauƙi tun da aka kawo tsarin Eto na kiran motoci a 2021 amma har yanzu in takardarka ɗaya ta samu matsala jirgi zai tafi ya bar ka, kuɗin ajiya na hawa kullum, mai saye na ta kira. Akwai wani ejan da ya taɓa riƙe min takarda a kan abin da bai taka kara ya karya ba har zoɓon ya fara sauya kala a kwantena, Allah ya isa kawai na ce. Daga Kafanchan kam Onne ta wajen Fatakwal ita ce a kan hanya, ta Makurɗi da Inugu. Warri da Kalaba matsalarsu yashi, mashigar na cikewa sai an yi ta yasa, manyan jirage ba sa son zuwa.

Tashoshin tsandauri kuma ga ta Kaduna a Kakuri tun 2018, ta Dala a Kano 2023, ta Funtuwa 2024, kana iya gama harkar kwastan a nan a rufe kwantena, sai dai sauƙin nasu ya dogara ne da tsohon layi yana tafiya ko ba ya tafiya. Kafin duk wannan sai ka yi rajista da hukumar bunƙasa fitar da kaya, ka buɗe fom ɗin NXP, wato na bayyana kayan da za ka fitar, ta banki, ku masu dutse kuma har da izinin fitarwa daga ma'aikatar ma'adinai da shaidar kun biya kason gwamnati. Ka tambayi mutumin naku wanne ya taɓa gani a ciki.

Direban_Daf:
Hajiya ta fadi gaskiya. mu da muke kan hanya mun san abin, tan 30 zaka dora kuma dutse ba kamar hatsi bane yana cin taya yana cin sifirin, ga shingaye tun daga nan har kudu kowa da rasit dinsa. tun 2024 kuma akwai yan sibil difens na musamman masu kama kayan ma'adinai, in babu takarda mota da kaya duk sai su kwana a ofis, ni yanzu in ba naga takarda da idona ba wlh bana dauka ko nawa za'a bani

Ɗan_Sabongari:
Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Baba na karanta wa Baffa bayaninka jiya bayan isha'i, da aka zo wurin Kafanchan kudu teku kudu shiru ya yi yana jan carbi. Da safe na kira mutumin na ce ya turo lambobin taswirar filin mu duba a Kadasta, sai ya ce wai sirri ne kar wani ya riga mu, sai an ba da kafin alƙalami tukuna. Na ce to a kai mu mu ɗebi samfur da kanmu, ya ce hanya ba kyau yanzu sai bayan damina. Malam Ɗalibin Duwatsu, in Baffa ya nace yana son harkar ta ina ya kamata ya fara?

Ɗalibin_Duwatsu:
Duba lambobin nan ba ya ba kowa filin, kuma in da gaske yana da lasisi ai lambar lasisin kaɗai ta isa, ka ce ya turo ita. In Alhaji na son harkar akwai izinin saye da ajiye ma'adinai da ma'aikatar ke bayarwa, wannan ba ya buƙatar fili ko injin haƙa, da jarin da bai kai kuɗin gida ba zai fara sayen wankakkiyar kuza wurin ƙungiyoyin masu haƙa da ke da rajista yana kai wa masu saye a Jos. Amma ya samu wanda ya san ta ya riƙa raka shi da sikeli da maganaɗisu, don ana cakuɗa ta da wani baƙin yashin mai ƙarfe da ido ba ya rabewa. Robar da aka bar muku ma ku fara gwada maganaɗisun a kanta, kuza ba ta kama shi.