Haske da baƙar fata: ɗaukar hoton hannu, ido da kitso daga kusa

Mai hoto, Zariya

Assalamu alaikum jama'a. Ina so kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa wajen ɗaukar hoton jikin mutum daga kusa-kusa, kamar hannu, ido, kitso ko tsagar fuska. Ni hannuwan masu sana'a nake bi. Akwai wani dattijo baduku a unguwarmu da ya yarda na ɗauki hannunsa yana ɗinki. Da na haska filasha ta gaba, hannun ya fito shafal, ba tamoji ba jijiya, sai farin ƙyalli a gaɓoɓin yatsu. Washegari da hantsi na roƙe shi ya zauna cikin zaure, ƙofa tana hagunsa, na kashe filasha. A nan ne kanta ta fito a babban yatsa, da tabon basilla, da jan rini da ya kama gefen farce. Hasken da ya shigo ta gefe shi ke kwantar da 'yar inuwa bayan kowane layi, inuwar nan kuwa ita ke nuna fata. Ni dai na tsaya a kan cewa yawan haske ba shi ne matsalar baƙar fata ba. Ta ina ya ɓullo, kuma mene ne faɗinsa, nan maganar take. Wanda ya ga saɓanin haka ya faɗa mana.

Mai lalle, Sakkwato

Wa alaikumus salam Malam. Ni da waya nake ɗauka, don hoton shi ne tallata. Abu na farko da na lura, in amarya ta ɗora hannu a kan farin zanen gado, sai hannun ya dushe, zanen lallen ya ɓace a ciki. Da na koma shimfiɗa yadi mai duhu, ruwan ƙasa ko shuɗi, sai hannun ya fito da launinsa. Na biyu, jan lalle ba ya nuna kansa ranar da aka wanke shi. Sai ya kwana ɗaya ko biyu yake nuna, don haka nakan roƙi amarya in dawo ranar kamu in ɗauka.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne masu haskaka fatar mutum a kwamfuta. Wani mai hoton biki ya taɓa ɗaukar aikina, ya wanke hannun yarinya tas har uwarta ba ta gane shi ba, lallen da na yini ina zanawa ya koma ruwan lemo. Wayoyi ma da yawa suna yin haka da kansu in ba a kashe wurin gyaran fuska ba. Don Allah 'yan uwa a riƙa dubawa.

Tsohon mai situdiyo, Kano

'Yata, abin da kika gani da farin zane yana da dalili. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara ba ya sanin mutum, ƙoƙarinsa kawai ya mayar da duk abin da ya gani ruwan toka matsakaici, wanda ke maido da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. In fari ya yi yawa a hoton, sai ta rage haske, fata ta yi duhu. In kuma baƙar fata ce ta cika hoton, sai ta ƙara haske, fatar ta yi fari-fari kamar an shafa toka. Mun sha fama da wannan a hoton angwaye masu farar babbar riga. Maganinsa ki taɓa hannun a fuskar waya, sannan ki ja hasken sama ko ƙasa da kanki har ya yi daidai da abin da idonki ke gani.

Mu da muka yi zamanin fim mun san wani abu kuma. Tun shekarun 1950 kamfanin Kodak na Amurka yake raba wa masu wankin hoto wani kati da ake kira Shirley, mai hoton Baturiya, da shi ake daidaita launin injin. Sai a shekarun 1990 aka fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. Ke nan kayan aikin ma ba da mu aka auna su ba. Amma ku nemi hotunan Seydou Keïta, wanda ya buɗe situdiyo a Bamako a 1948. Yawanci da hasken rana ya yi aiki a tsakar gida, kuma ku dubi yadda fuska da hannu suke fitowa a wurinsa, kowane da sheƙinsa. Yaran yanzu suna da fitilu huɗu, shi yana da inuwar katanga da haƙuri.

Mai lalle, Sakkwato

Na gode Baba, Allah ya ƙara girma. To ƙyallin fa? In an shafa man kaɗe hannu yana kyau a ido, amma a hoto sai ya yi ta walƙiya.

Tsohon mai situdiyo, Kano

Kada ki kashe ƙyallin gaba ɗaya, shi ke nuna tudu da kwarin baƙar fata. Faɗaɗa shi za ki yi. Ƙaramar fitila tana ba da ɗigon ƙyalli mai zafi, babbar taga tana ba da mai faɗi mai laushi. Rataya farin mayafi a taga, ki matso da hannun kusa da ita, ki sa a goge man da tsumma ya rage kaɗan. Ɗaya gefen kuma wata ta riƙe miki farin kwali ko tiren silba ya maido haske cikin inuwar. Ki tuna, in da fitila kike aiki, duk sanda kika ninka nisanta, hasken zai koma kashi ɗaya cikin huɗu na yadda yake.

Ɗalibi, Damagaram

Ni ido nake ɗauka. Ba ni da kuɗin gilashin kyamara na ɗaukar ƙananan abubuwa, sai na sayi zoben da ake juya gilashi mai milimita 50 a ɗaura shi ta baya. Yana kawo abu kusa ƙwarai, amma wurin da ke fitowa tangaran bai wuce 'yan milimita ba. In gashin ido ya fito, ƙwayar ta dushe. Numfashi kaɗai yana ɓata hoto. Abin da ya taimake ni, na zaunar da ƙanena ya jingina ƙeya da bango, ni kuma na dasa gwiwar hannu a kan tebur, na tsuke ƙofar gilashin zuwa f/8, na ɗauki da yawa a jere.

Idonmu da ake gani baƙi ƙirin, in haske ya ratsa shi ta gefe sai ka ga ruwan zuma ne mai zare-zare a ciki. Ranar da na fara ganin haka na daɗe ina kallo ina tasbihi. Sai dai kada a dalla wa mutum tocila a ido, yana da ciwo, hawaye kuma zai hana aikin. Bakin ƙofa da walaha ya isa. Lokacin hunturu hazo yana tausasa rana, haske ya yi daɗi ko a fili, amma ƙura tana shiga kyamara da zarar an cire gilashi, musamman ga mai juya shi irina.

Ma'aikaciyar jinya, Kaduna

Malam na Zariya, a nan zan ɗan saɓa maka. Hasken gefe yana da kyau ga mai neman hoto mai ɗaukar ido, amma mu da ke ɗaukar ƙurji ko gyambo don likita ya ga yadda yake warkewa, haske mai daidai ta ko'ina muke fara nema. Inuwa tana sa rauni ya yi kamar ya fi zurfinsa. Nakan kai majiyyaci kusa da taga, in ajiye 'yar rula a gefen wurin, in ɗauki ɗaya daga nesa don a gane gaɓar, ɗaya daga kusa. Mako mai zuwa a koma wuri ɗaya, lokaci ɗaya. Sai in kumburi ne ko ƙananan ƙuraje nake ƙara ɗaya da hasken gefe. A baƙar fata, wurin da ya kumbura ba lallai ya yi ja ba, yakan yi duhu ko shunayya-shunayya, filasha kuwa tana shafe wannan bambancin.

Yaya mai lalle, na sha ɗaukar hannayen da baƙin lalle mai haɗin rinin gashi ya tayar wa bororo, zanen fulawar ya fito raɗau a kumbure. Sinadarin PPD da ke cikin rinin ne ke jawo shi ga wasu. A ja kunnen masu haɗawa.

Kuma ba na ɗauka sai na nemi izni, na faɗi wanda zai gani. Ko da fuska ba ta fito ba, zobe ko tabo yana tona mutum.

Mai hoton kitso, Jos

Gaskiyarki Anti. Ko ƙeya zan ɗauka sai na nuna wa mai ita hoton, in ta ce a goge, a gabanta nake gogewa. Kitso kuwa baƙi ne a kan baƙi, in haske ya zo ta gaba tsagar ba ta fitowa. Nakan sa fitila sama ta baya kaɗan, sai kowane layin shuku ya kama haske a gefensa. Wanda ya buɗe mini ido shi ne J.D. 'Okhai Ojeikere, wanda ya fara ɗaukar kitson matan Najeriya a 1968 ya tara kusan dubu, da yawa ta ƙeya ya ɗauke su, bango fayau ba ado. Kada kuma a kai waya dab da kai ko fuska, tana kumbura abin da ya fi kusa da ita. A ja baya a danna 2x.

Tambayata, in ina aiki da ƙwan fitila na shago, wasu baƙaƙen layuka suna ratsa hoton. Mene ne?

Mai hoto, Zariya

Anti, na karɓi gyaranki, aikin asibiti daban ne. Ɗan uwa na Jos, wutar lantarkinmu tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa, ƙwan fitila mai araha kuma yana ƙiftawa tare da ita, ido ne ba ya gani. Sa saurin ɗauka a 1/50 ko 1/100 na daƙiƙa, ka kafa kyamara a kan ƙafa don kada ta girgiza. In janareto ne ba ya tsayawa daidai, gara fitila mai batir. Kada kuma ka haɗa ƙwai mai ruwan ɗorawa da hasken taga a hoto ɗaya, rabin kai zai yi ja rabi shuɗi. Gwada ka turo mana mu gani.