Wotamak: me za mu ce masa da Hausa?

Jama'a, kalma nake nema: sunan Hausa na wotamak, wato ɗan rubutu ko alamar da mai hoto ke sawa a jikin hotonsa don a san nasa ne. Masu ɗaukar hoto na Sakkwato da malaman Hausa, ku matso kusa.

Da Ƙaramar Salla na ɗauki hotuna a wani wasan kiɗa da aka yi da dare a nan cikin gari. Duk wanda ya taɓa wannan aiki ya san azabarsa. Fitilun dandamali ba su zama wuri ɗaya: yanzu ja, an jima shuɗi, kafin ka gyara kyamara an koma duhu. Filasha kuwa ba a so, tana kashe wa mawaƙi ido, tana kuma wanke launin wurin gaba ɗaya. Dole ka buɗe idon kyamara har f/2.8, ka ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken kyamara, zuwa 3200 ko sama, ka riƙe saurin ɗauka wajen 1/250 na daƙiƙa don kada hannun mai kalangu ya koma hazo. Jar fitila ta fi kowace mugunta, takan cinye fuskar mutum kamar an shafe shi da manja. Na cika katin kyamara a daren nan, amma waɗanda na yarda da su ba su kai ashirin ba. Ɗaya ya fi sauran: makaɗi ya ɗaga kai, zufa na sheƙi a goshinsa, farar fitila ta faɗo masa daidai lokacin.

Bayan sati biyu sai ga hoton a jikin fosta, an manna a bango, an yanke gefen da na sa sunana. Na bi sawu har wurin wanda ya buga, wani dattijo mai injin ɗab'i. Bayan gaisuwa na ce, "Baba, an cire mini wotamak." Ya dube ni ya ce, "An cire maka mi?" Na yi ta kame-kame, ɗan rubutun nan, alamar nan ta gefe. Ya ce shi haka aka kawo masa. Na fito da haushi biyu, na hoton da kuma na rashin kalmar da zan kai ƙara da ita.

Na jefa tambayar ga abokan sana'a, ga abin da ya fito.

Mafi yawa sun ce "alamar ruwa", wato fassarar kalmar Turancin kai tsaye. Ban karɓa ba. Ka gaya wa mutumin da bai ji Turanci ba cewa akwai alamar ruwa a hotonka, zai ɗauka damina ta taɓa shi, ko an zubar masa da shayi. In kuma ka ce "alamar ruwa" a bakin manomi, hadari yake nufi.

Wata ƙanwata mai karatun Hausa a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta ce, "Yaya, me ya hana tambari?" Kalma ce mai nauyi, kuma a garin sarauta kamar namu kowa ya san ta. To amma tambari ya riga ya sami aiki: shi muke ce wa alamar kamfani, ta gwamnati, ta ƙungiya. Kana iya sa tambarinka ya zama wotamak, kana kuma iya sa sunanka kawai ko lambar wayarka. Ke nan ba abu ɗaya ba ne. In muka ɗora masa wannan ma, gobe za ka ce wa yaro ya sa tambari, ya ɗauko maka alamar shago ya liƙa ɓaro-ɓaro a kan fuskar amarya.

Wani abokina Bagobiri ya ce a kira shi "tsaga". Na yi dariya, amma da na kwanta sai abin ya tsaya mini a rai. Ai ɗaya daga cikin amfanin tsagar gado ke nan, ko an ɓace ko an sace, a dubi fuska a san gidan da aka fito. Ma'anar ta zauna daram. Matsalar dai, ka ce wa mai biki za ka yi wa hotunansa tsaga, ka ga yadda zai ƙwace kayansa.

Inda maganar ta juya shi ne wurin wani malamina da ke da tsofaffin littattafan rubutun hannu na gado. Da na ba shi labari sai ya shiga ɗaki ya fito da warƙa guda, ta yi ja don tsufa. Ya ce, "Ɗaga ta ka dubi rana." Na ɗaga. Sai ga jinjirin wata uku a jere cikin naman takardar, ba tawada, ba zane, kuma da ka sauke ta sun ɓace. Irin takardar nan daga Italiya ake yin ta, fatake suka riƙa ƙetaro Sahara da ita, kuma da ita aka rubuta ɗimbin littattafan ƙasar nan a ƙarni na 19. Masu nazarin rubuce-rubuce irin waɗanda ke ajiye a Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu suna duba waɗannan alamomi don su kintaci zamanin takarda da inda ta fito.

Daga nan ne ma ruwan ya shigo cikin sunan Turawa. Masu yin takarda a garin Fabriyano na Italiya, tun ƙarshen ƙarni na 13, sukan ɗinka siririyar waya mai siffa a kan rariyar da suke tace ƙullun takarda yana jiƙe. Inda wayar ta taɓa sai wurin ya fi sauran sirantaka, haske ya fi ratsa shi. Su da suka ga aikin yana jiƙe suka kira shi da ruwa. Mu kuwa a bushe ya iso mana, da haske muka san shi. Haka ɗan kasuwa yake ɗaga takardar dubu ɗaya sama in yana shakkar jabu ce.

Na ce, "Malam, to ku me kuke ce wa wannan?" Ya ce shi dai in zai faɗa, hatimin mai takarda ne. Nan na tsaya. Hatimi shi ne abin da sarki ko alƙali ke bugawa a wasiƙa don a san daga ina ta fito, kuma cire shi ko kwaikwayonsa laifi ne da kowa ya sani ba sai an yi bayani ba. Abin da nake so dattijon nan ya ji ke nan.

Don haka shawarata: hatimin haske. Ya dace da warƙar malam, ya dace da takardar kuɗi, ya dace da hoto, wanda shi kansa da haske ake yin sa. A bakin aiki kuma "hatimi" kawai ya isa: buga hatimi kafin ka tura, rage ƙarfin hatimin, an yanke hatimi.

Ƙanwar tawa ta yi gardama, ta ce "haske" zai sa a zaci abu ne mai walƙiya, alhali wotamak dishi-dishi yake. Ta kawo "hatimin inuwa". Ban ƙi ba, yana da daɗin faɗi. Sai dai inuwa ba ta bayyana a takardar kuɗi, haske ne ke fito da abin. Na tsaya a kan nawa, ita ma ba ta sauka daga nata ba.

Wani abu da ya kamata ƙannena masu tasowa a sana'ar su riƙe: ba hatimin ne ke ba ka haƙƙin mallaka ba. Haƙƙin yana tabbata tun lokacin da ka ɗauki hoton, ba sai ka yi rajista ba, in dai babu wata yarjejeniya da ta miƙa shi ga wanda ya ɗauke ka aiki. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a 2023, ta ba hoto kariyar shekara 50. Hatimi shaida ce kawai, kuma ga shi ana yanke ta. Shaidar da ta fi ƙarfi ita ce asalin fayil ɗin RAW, wato hoton yadda kyamara ta ɗauke shi ba a taɓa shi ba, kada ka ba kowa shi. Bayanan da kyamara ke rubutawa a cikin hoto ma, WhatsApp na share su in ka tura shi a matsayin hoto, sai in ka tura a matsayin fayil. Ni yanzu na daina sa hatimi a kusurwa, a kafaɗar mawaƙi nake ɗora shi, inda almakashi ba zai kai ba sai ya ɓata hoton.

Jiya na koma wurin dattijo mai injin ɗab'i. Na buɗe masa asalin hoton a waya, na ce, "Baba, hatimina aka yanke." Ya gyara tabarau ya duba, ya dubi fostar da ta rage a kan teburinsa, ya ce, "Hatimi sunka yanke? Ai wanga sata ta." Ya ɗauki waya ya kira wanda ya kawo masa aikin.