Neman shawara: nawa ya kamata a sayar da tsohuwar libarbar mijin maƙwabciyata?

Baban Ilham: Slm jama'a barkanmu da warhaka. Dan Allah shawara nake nema musamman wajen 'yan uwa mazauna Amurka da suka san kan kayan da. Akwai wata dattijuwa baturiya maƙwabciyata a nan Columbus, tunda muka tare a unguwar take mana alheri, ita ke riƙe mana yara in madam na aikin dare, to mijinta ya rasu watan jiya yanzu tana haɗa kaya zata koma wajen 'yarta, sai ta ci karo da wata tsohuwar libarba, wato ƙaramar bindigar hannu, naɗe cikin tawul a ƙasan durowa harda kubenta na fata. A jiki an rubuta Webley da Mark VI sai 1917. Tace marigayin ya sha faɗa mata babansa ne ya dawo da ita daga yaƙin duniya na ɗaya. Ta kai wani shagon jingina sun taya dala 300, wani abokin aikina da na nuna wa hoto yace zai bada 500 yau yau ɗinnan, saurin nan nasa ne ma yasa jikina bai bani ba. Ni dai bana so a cuci baiwar Allah nan. Nawa ne kuɗinta na gaskiya? Sannan ta ɗan yi duhu duhu, nace ko in samo man goge ƙarfe in wanke mata ita tayi ƙyalli ko zata ƙara daraja.

Na Texas: Wslm. Malam kafin komai dan girman Allah ajiye man nan. Kar ka goge, kar ka kankare, ko soson ƙarfe kar ya kusance ta. Duhun da kake gani shine kuɗin, masu tara irin kayan nan launin asali suke saye, in ka maida ta fes kamar sabon cokali ka zubar da kusan rabin kuɗin matar nan da hannunka. Tsumma mai laushi da ɗigon man bindiga ya isa.

Na biyu ku tabbatar ba harsashi a ciki, tsofaffin nan suna ajiye ta a ɗure shekara da shekaru. Irin wannan karya ta ake ta sama, akwai ɗan maɓalli ta hagu kusa da inda babban yatsa ke zama, in an danna sai bakin ya sunkuya ƙasa gidan harsashin ya bayyana, ramuka shida ne. In ba wanda ya saba a cikinku ku bar mai shago ya buɗe.

Dan Kwari: Dala 500 fa?? kai ku lissafa min a naira. Baban Ilham ka saye kawai ka sako mana ita a kwantena cikin kayan gwanjo, wlh akwai alhazan da zasu ninka maka sau uku su rataye a falo

Barista: Ɗan Kwari wasa kake ko, to ko da wasa kar wani ya gwada. A dokar makamai ta Najeriya ta 1959 libarba da fistol suna cikin rukunin haramtattun makamai ne, ba ruwan dokar da tsufansu, lasisinsu sai daga shugaban ƙasa, kuma hukuncin riƙewa ba izini ɗaurin da bai gaza shekara goma ba ne. Ga kuma laifin fitar da makami daga Amurka ba takarda, ka ga gida biyu kenan zaka ci.

Baban Ilham kai kuma tambayata, da wace takarda kake zaune? In ɗan ƙasa ne kai ko mai girin kad, wato takardar zama na dindindin, ba damuwa, amma in bizar karatu ce ko ta aiki, dokar tarayya ta hana ka riƙe bindiga sai a wasu 'yan yanayi kamar mai lasisin farauta. Don haka kar ka ɗauko ta ka kawo gidanka wai ajiya. Kuma kar tsufanta ya ruɗe ku, wadda dokar can ke ɗauka a matsayin kayan tarihi zalla ita ce wadda aka ƙera a 1898 ko kafin nan, ta 1917 bindiga ce cikakkiya a idon hukuma, in mai saye yana wata jiha dole ta bi ta hannun dila mai lasisin tarayya, wanda suke cewa FFL.

Baban Ilham: Girin kad gare ni Barista, amma duk da haka tana gidanta ban taɓa ɗaukowa ba. Na gode. Na Texas na ajiye man wlh saura kaɗan, da yau da daddare zan yi aikin.

Na Texas: Alhamdulillah da ka tambaya. To yanzu ga inda maganar kuɗin take. Webley kamfani ne na Birmingham, Mark VI ɗin kuma sojan Ingila suka karɓe ta a 1915, an ƙera ta da yawan gaske lokacin yaƙin don haka ba wata abar da babu irinta bace, kar a sa ran kuɗin mota. Harsashinta na asali .455 ne. To a shekarun 1950 zuwa 1960 da Ingila ta sallamar da su, dilolin Amurka suka kwaso su jibgi guda suna sayarwa da arha, sai dai harsashin .455 yana wuyar samu a nan, sai suka riƙa aske bayan gidan harsashin kaɗan don ya ci .45 ACP da ke ko'ina. Wannan askin shine ke raba farashi gida biyu. Wadda ba'a taɓa ba masu tarawa ke rububi, wadda aka aske kuwa ta zama kamar tsohuwar riga 'yar Dikwa da tela ya rage wa hannu, rigar ce dai amma ba zaka tsaya kan kuɗin da ba.

Yadda zaka gane: dubi lambar da ke zagaye a gefen silindar, wato gidan harsashin, ta can baya. In lambobin sun fito cif ƙafafunsu duka, ba'a taɓa ba. In ka ga an yanke musu gindi kamar rubutun da aka datse da almakashi, an aske. Fuskar bayan ma in ka ganta sumul ba ko ɗan hatimi ɗaya, alama ce.

Sai ka duba lambar a wuri uku, gangar jiki, baki da silinda, su zama iri ɗaya, in sun saɓa to haɗe-haɗe ce. Haska tocilar waya cikin bakin ka ga ko tsatsa ta ci ramuka. Mariƙin baƙar roba ce mai tauri, duba ko ya tsage ko ya gutsure, da ɗan zoben da ke ƙasansa na ɗaura igiya ko yana nan, da yawa an cire. Ɗauko mana hoton duk wani ɗan hatimi da ka gani komai ƙanƙantarsa.

Jikan Dan Boma: Allah sarki, kun tuna min da kakana. Yana cikin waɗanda aka kwasa zuwa Boma a yaƙin Hitila, runduna ta 81 da ta 82 ai 'yan Afirka ta yamma ne kuma hausawa sun yi yawa a ciki. Yana bamu labari su doguwar bindiga ake basu, libarba sai dai ka hango ta a ƙugun bature hafsa da igiyarta a wuya. Ko kalmar libarba ɗin ma ai daga bakinsu muka ɗauko. Ni ban san farashi ba nazo ne kawai inyi kallo

Maman Afnan: Ni ba ruwana da bindiga amma na yi shekara takwas ina harkar gwanjon kayan gida a Greensboro, kuma ciniki duk ɗaya ne. Kuskuren da mutane keyi su shiga intanet su ga wani ya sa dala 2,000 sai suce tamu ma haka take. Wannan kuɗin da ya yanka ne, ba wanda aka sallama ba, wata tana nan rataye shekara guda ba wanda ya taya. Ka shiga GunBroker, shafin cinikin bindigogi, ka nemi waɗanda aka riga aka sayar, ka duba sakamakon gwanjon Rock Island Auction suma suna sakawa, ka tsinci guda biyar ko shida masu kama da taku a lafiya ka ɗau tsakiya. Akwai littafin Blue Book of Gun Values shima yana taimakawa amma kasuwa ta fi littafi sauri.

Mai shagon jingina kuma ba lallai cuta yayi niyya ba, shi sari yake, dole ya bar wa kansa riba da kuɗin haya. Abinda ya fi mata shine ta bar ta a shagon bindiga mai lasisi su sayar mata su cire la'ada, ku tambayi kaso nawa tun kafin a sa hannu. Kuma dan Allah ka sa 'yarta a maganar, kayan gado ne, kar gobe ace baƙo ya zo ya rabata da kayan tarihin gidansu. Ka san halin zaman nan.

Baban Ilham: To na dawo daga gidan. Ba harsashi alhamdulillah. Lambobi uku duk sun dace, zoben yana nan, mariƙi ba tsaga, cikin bakin ma fes sai ɗan duhu. Amma Na Texas maganarka ta fito, lambar silindar an datse mata ƙasa. Sai kuma naga an buga ENGLAND a gefe, da wani ɗan kambi da BNP a ƙarƙashinsa, ga kuma wasu kibiyoyi biyu sun haɗa kai.

Na Texas: To an aske kenan. Kuma sai dai haƙuri, labarin baban mijin ma da wuya ya tsaya. Kibiya hatimin kayan gwamnatin Ingila ce, biyu sun haɗa kai kuma na nufin soja sun sallamar da ita. BNP ɗin hatimin gidan gwajin bindigogi na Birmingham ne da aka fara bugawa a tsakiyar shekarun 1950, ENGLAND kuma don shigowa kasuwar Amurka ake sa shi. Kaga bindigar da har bayan 1950 tana Ingila ba ita ce aka dawo da ita a jaka a 1918 ba. Inaga baban mijin odarta yayi ta gidan waya, a lokacin ana haka kafin dokar 1968 ta hana. Ko da ma labarin gaskiya ne in ba takarda ko hoto ko sunansa a jiki ba mai ƙara sisi a kai.

A iya abinda nake gani a baje-kolin bindigogi a nan, mai lafiya da ba'a taɓa ba tana haura dala dubu, askakkiya mai lambobi daidai irin taku ni zan sa ta tsakanin 600 da 800, amma bi shawarar Maman Afnan ka gani da idonka. Kuben ma kar a bada shi gyara, buɗe murfin ka duba ciki, in akwai sunan maƙeri da shekara to shima da kuɗinsa daban. Sannan duk wanda zai saya a faɗa masa an aske, kuma kar ya ɗura mata .45 ACP na kanti, ƙarfinsa ya wuce abinda aka gina ta dominsa, ana samun silinda ta fashe.

Dan Kwari: wato abokin aikinka riba yake nema da 500 dinsa, dan kasuwa ne wannan ku bani lambarsa

Baban Ilham: Hhhh Ɗan Kwari kai dai. Na gode ƙwarai jama'a Allah ya bar zumunci. Na kira 'yar mun yi magana, ranar asabar zata zo mu uku mu je shagon mai lasisi, kuben kuma na duba akwai 1916 a ciki. Maganar baban mijin ce dai na kasa faɗa wa tsohuwar, tana bani labarin tana share hawaye, na bar wa 'yar ta san yadda zata yi da ita.