Wai su ma Turawa suna faɗa da kalmomin aro?

Ɗan Samaru: Salam jama'a, yau a lakca malaminmu ya ce wai har Turawan Ingila sun taɓa yaƙar kalmomin aro, ni fa na ɗauka mu kaɗai ke rigimar mota da tasha, da gaske ne?

'Yar Tudun Wada: Wallahi gaskiya ne ƙanena, tun da Normawa, mutanen arewacin Faransa, suka ci Ingila a 1066 Faransanci ya cika musu baki, ga Latin kuma, a ƙarni na 19 wani William Barnes ya nace a daina cewa grammar (nahawu) don kalmar aro ce, a ce speechcraft da ya haɗa daga kalmomin Turanci na asali, mutane suka yi biris da shi.

Baban Sabon Gari: To ai littafi da alƙalami ma Larabci ne, kasuwa kuma daga Barebari muka aro, wa zai cire su?

Ɗan Samaru: Haba Baba, har kasuwa?